Yawur marar sukari da sarƙar sanyi a lokacin yaƙi: tambayoyi da amsoshi daga Yamai

Daga shekarar 2022 zuwa yau, duk mai sayen yawur a Yamai ya ci karo da abubuwan da bai saba gani ba a da: shagon da kullum yake samu ya ce babu, ko ledar ta zo hannunsa da ɗumi, ko kuma ta yi tsamin da ya wuce misali alhali kwanan watan da ke jikinta bai cika ba. An tattara a nan tambayoyin da masu saye da masu shaguna da matan da ke haɗa yawur a gida domin sayarwa suka fi yawan yi. Amsoshin sun fi karkata ga marar sukari, domin shi ne ya fi saurin tona asirin abin da ya same shi a hanya.

Mene ne yawur marar sukari, kuma ina bambancinsa da kindirmo da nonon da muka saba?

Yawur, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira yogot, madara ce da aka dafa, aka bar ta ta huce zuwa digiri 42 zuwa 45 a ma'aunin zafi, sannan aka zuba mata iri mai ɗauke da ƙwayoyin halitta biyu sanannu, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus. Cikin awa huɗu zuwa shida waɗannan ƙwayoyi kan cinye wani ɓangare na sukarin da ke cikin madarar tun asali, su mai da shi tsami, madarar ta kama ta yi kauri. Marar sukari, wanda masu shaguna ke kira natir, shi ne wanda aka tsaya a nan, ba a ƙara masa sukari ko ƙamshi ko launi ba.

Kindirmo ɗan'uwansa ne na jini, sai dai shi a ƙwarya yake kwana, kuma ƙwayoyin da ke kama shi na ƙwaryar ne da ragowar nonon jiya, shi ya sa ɗanɗanon na wannan ruga ke bambanta da na waccan. Nono kuwa shi ne abin da ya rage bayan an kaɗe an kwashe man shanu. A Yamai da sauran garuruwa mutane da yawa kan kira duk wani yawur na leda da sunan solani, ko da wani kamfani ne daban ya yi shi, saboda daɗewar da kamfanin SOLANI ya yi a kasuwa tun yana ofishin gwamnati mai suna OLANI, kafin a sayar da shi ga ƴan kasuwa a 1998. Kamfanin Niger-Lait, wanda Hajiya Zeinabou Maidah ta kafa a 1994, shi ma yana cikin manyan da suka riƙe wannan kasuwa.

Me ake nufi da sarƙar sanyi?

Ana nufin cewa daga lokacin da aka tatsi saniya har yawur ya isa bakin mai sha, kada sanyi ya yanke a ko'ina. Ɗanyar madara tana bukatar a sanyaya ta cikin ƴan awoyi kaɗan bayan tatsa. Yawur da aka gama haɗawa kuma yana bukatar zama tsakanin digiri 2 zuwa 6, a ɗakin sanyi na kamfani, da cikin motar da ta ɗauko shi, da firigon mai shago, da firigon gida. Idan aka kiyaye haka yakan yi mako biyu zuwa uku lafiya lau. Abin lura shi ne sanyi ba ya kashe ƙwayoyin da ke cikinsa, kwantar da su kawai yake yi, don haka da zarar ɗumi ya taɓa su sai su farka su ci gaba da aikin tsami daga inda suka tsaya. A garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ba sai an daɗe ba kafin hakan ta faru.

Ƙasar da Allah ya hore wa shanu haka, me ya sa kamfanoninta ke dogara da madarar gari ta waje?

Wannan tambaya ita ce uwar sauran. Nijar tana da shanu masu yawa, kuma tana da irin Azawak, wadda ake lissafawa cikin mafi ba da nono a duk Sahel, wadda tashar Tukunus da ke yankin Filinge ta daɗe tana aikin inganta ta. Amma yawan shanu daban, madarar da ke isa ƙofar kamfani daban. Saniyar makiyayi ƴan litoci kaɗan take bayarwa a rana bayan ɗan maraƙi ya sha rabonsa, kuma nonon ya fi yawa da damina, daidai lokacin da garken ya yi nisa da gari yana gudun gonaki. Da bazara kuwa, lokacin da mutanen birni suka fi neman abin sha mai sanyi, ciyawa ta ƙare, hantsar shanu ta bushe, dusa da harawa sun yi tsada. Wato lokacin yalwar nono da lokacin yawan bukatarsa ba su cika haɗuwa ba.

Madarar gari ba ta da wannan matsala. Tana zuwa cikin buhu mai kilo 25, ba ta bukatar firigo, tana yin watanni a sito, kuma kilo ɗaya kan ba da lita bakwai zuwa takwas idan aka dama. A tsarin harajin bai-ɗaya na yankin Afirka ta Yamma, kashi 5 cikin 100 kawai ake ɗora wa irin wannan buhu a duwan. Bayan da Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta ke samarwa a 2015, sai madarar gari ta ƙara kwararowa, musamman wadda aka cire mata man shanu aka maye gurbinsa da man kwakwar manja, wadda ta fi ta asali araha nesa ba kusa ba. Gangamin da ƙungiyoyin makiyaya da abokan aikinsu suka soma a 2018 da sunan Mon lait est local, wato madarata ta gida ce, martani ne ga wannan hali.

A lokacin zaman lafiya lissafin mai kamfani yana da hujja, kuma ba na ganin laifinsa. Aibin tsarin yana fitowa ne ranar da teku ko iyaka ko hanya ta samu matsala, domin a ranar ne ake gane cewa yawur ɗin da aka haɗa a Yamai, rabin tafiyarsa a jirgin ruwa ya yi ta.

Ina ruwan yaƙin Rasha da Yukren da ledar yawur a Yamai?

Ba daga Yukren muke sayen madara ba, amma yaƙin da ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairu 2022 ya taɓa kusan duk abin da ake haɗa madarar gari da shi. Busar da madara ta zama gari aiki ne mai cin makamashi ƙwarai, kuma farashin iskar gas a Turai ya yi tashin gwauron zabo a wannan shekara. Abincin shanu da takin zamani sun yi tsada, saboda ƙasashen biyu manyan masu fitar da hatsi ne, Rasha kuma babbar mai fitar da taki ce. Man kwakwar manja ya bi sahu bayan da man furen rana na Yukren ya yi ƙaranci, har Indonesiya ta dakatar da fitar da nata na ƴan makonni daga ƙarshen Afrilu 2022. A watan Maris na shekarar ne ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Ita kanta ledar da ake ƙulla yawur a ciki daga man fetur take fitowa.

Me ya faru da wutar lantarki bayan juyin mulkin 2023, kuma yaya abin ya shafi masu yawur?

Bayan da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga watan, kuma a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take sayar wa kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba harsashi aka harba ba, amma ga mai sana'ar kayan sanyi sakamakon bai bambanta da na yaƙi ba. Yamai ta koma kan tashoshinta na cikin gida, irin su ta Gorou Banda, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashar hasken rana mai megawat 30 da aka ƙaddamar a Gorou Banda a watan Yuli ta rage raɗaɗin da rana bayan ta soma aiki sosai, sai dai ɗakin sanyi da dare ma wuta yake so. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairu 2024, wutar Najeriya kuma ta dawo a watan Maris.

Babban kamfani yana da gurup, yana iya ƙona gazuwal ya riƙe ɗakin sanyinsa, ko da ribarsa za ta tafi a hayaƙi. Wanda abin ya fi yi wa ciwo shi ne mai shagon unguwa da matar da ke haɗa bokiti biyu ko uku a gida. A wancan lokaci na tsaya a wani shago da la'asar, na ga mai shagon ya lulluɓe kwanjilatansa da bargo biyu, ya ɗora buhun shinkafa a kan murfin don kada yara su riƙa buɗewa. Wata dattijuwa ta zo ta ce, "Malam, akwai natir mai sanyi?" Ya ce, "Hajiya, tun hantsi babu kuran, amma bari in lalubo maki daga ƙasa." Ya ɗaga murfin da ƙyar kamar tafin hannu, ya zura hannu ya zaro leda biyu, ya mayar da sauri. Ta ɗora ɗaya a kumatunta ta ji, ta karɓa, ta mayar masa da ɗayar. Ya gaya mani daga baya cewa ya rage odarsa zuwa abin da zai ƙare a wuni ɗaya, domin kuɗin ƙanƙarar da yake saye ya zuba a kan kayan ya fi ribar da ke cikinsu.

Abin da wannan mutum ya yi shi ne abin da ɗaruruwa irinsa suka yi, kuma a nan ne kasuwar ta tsuke. Kamfani na iya haɗa yawur, amma in masu shaguna suna tsoron ajiyewa, ba shi da inda zai kai.

Rufe iyakar Benin fa?

Tashar jiragen ruwa ta Kwatano ita ce ƙofar Nijar ta gargajiya, tafiyar kilomita dubu da ɗoriya zuwa Yamai ta gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. An rufe gadar a lokacin takunkumin, kuma ko bayan an ɗage shi hukumomin Nijar sun bar nasu ɓangaren a rufe bisa dalilan tsaro. Manyan kaya sai suka koma tashar Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayarin motoci da sojoji ke rakiya. Hanyar ta fi tsawo, ta fi hatsari, kuma ayari ba ya tashi sai ya taru, saboda haka direba na iya yin makonni yana jira.

Buhun madarar gari yana jure wannan jira, tsada kawai yake ƙarawa. Abin da ba ya jurewa shi ne irin da kamfanoni ke sayowa daga waje, wanda ake so ya zauna cikin sanyi, da kayan gyaran injuna da na'urorin sanyi waɗanda rashin guda ɗaya ƙarama kan tsayar da aikin kamfani gaba ɗaya. Yawur ɗin Turai na ƴan gayu da ake gani a manyan kantuna shi ma ya ja baya, amma masu sayensa ba su da yawa, ba kuma su ne abin damuwa ba.

Tunda ta waje ta yi wuya, me ya hana a koma kan madarar gida nan take?

Rashin tsaron da ya addabi karkara ne ya hana, kuma ya riga takunkumin zuwa da shekaru. Tun watan Maris 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihohin Tilaberi da Tawa. Ƴan bindiga suna kore garke, suna karɓar dabbobi da sunan zakka, kasuwannin dabbobi da dama sun yi rauni, kuma makiyayi da yawa ya sauya hanyar da kakanninsa ke bi zuwa mashekari. A watan Maris 2021 an kashe mutane 137 a ƙauyukan makiyaya na yankin Tiliya a jihar Tawa cikin yini ɗaya. Iyalin da ya gudo gari ya bar garkensa, ko ya sayar da shi a wulaƙance, ya fita daga sahun masu sayar da nono ya shiga na masu saye.

Akwai kuma batun babur. A farkon 2020 hukumomi sun hana zirga-zirgar babura a sassan jihar Tilaberi saboda da su maharan ke amfani. Ta fuskar tsaro an fahimci dalilin, amma babur shi ne ƙafar mai tara madara. Madarar da ke shigowa Yamai tana bi ta cibiyoyin tarawa irin na Hamdallaye da Kollo da Say, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan cibiya da safe ya san yadda lokaci ke da tsada a wurin. Mai tarawa kan iso da bido-bido ɗaure a bayan abin hawansa, ya naɗe su da jiƙaƙƙen buhun algarara don iska ta riƙa sanyaya su. Ma'aikaci zai ɗebi kaɗan ya gauraya da alkol a ɗan ƙaramin mazubi, in ta guntse to ta soma juyawa, ba za a karɓa ba. Zai kuma saka ma'auni ya duba ko an yi mata algus da ruwa. Wanda ya zo a babur cikin awa ɗaya madararsa kan wuce, wanda ya tuƙo keke awa uku cikin rana kuwa sau da yawa sai dai ya juya ya nemi masu fura su saya yadda ta samu.

Ko ruwan sama yana da nasa rabon. A watan Agusta 2024 ambaliya ta yanke manyan hanyoyin shiga Yamai na ƴan kwanaki, a tsakiyar lokacin da nono ya fi yawa.

Yaya lamarin yake a Tawa?

Tawa tana da nisan kimanin kilomita 550 daga Yamai, ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Yawur ɗin kamfani da ya taso daga babban birni sai ya yi wuni a hanya, kuma ba kowane ɗan kasuwa ke da mota mai na'urar sanyi ba. Da yawa cikin gilasiya da ƙanƙara suke ɗorawa a motar fasinja, su yi ta addu'ar kada a daɗe a shingen bincike. Ƙarancin man fetur irin wanda aka yi fama da shi a watan Maris 2025 yana ƙara dagula irin wannan tafiya. Wutar yankin ma wani ɓangarenta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, don haka katsewar 2023 ba ta tsallake shi ba, ko da yake akwai tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza tun 2018.

Sai dai Tawa tana da abin da Yamai ba ta da shi, wato kusanci da ƙasar makiyaya ta Abalak da Cintabaraden, da kuma tsohuwar dabarar adana nono ba tare da sanyi ba. Cuku, wanda mata ke shanyawa a kan tabarmar kara har ya bushe ƙamas, yana yin watanni, ana kai shi har Yamai da Agadas a cikin jaka. Man shanu da aka soya shi ma haka. Mutanen da suka ƙirƙiro waɗannan abubuwa sun warware matsalar zafi da nisa tun kafin a san firigo, kuma a shekarun nan na rikici kayansu ne suka fi jure tafiya.

Me ya sa marar sukari ne ke fara ɓacewa daga shaguna?

Dalili biyu ne. Na farko, masu sayensa ba su kai na mai sukari yawa ba. Yawanci masu ciwon sukari ne, da masu dama fura ko dege da ke son su sa zaƙin da kansu, da masu gidajen abinci, da matan da ke nemansa domin su yi iri da shi. In wuri ya ƙure a firigo, mai shago zai ajiye abin da yaro zai zo ya saya cikin minti goma ne. Na biyu, sukari da ƙamshi suna rufe tsami, saboda haka mai zaƙi da ya sha ɗumi na rabin wuni yana iya wucewa ba a gane ba, amma natir ba shi da mayafi. Da ya ɗan jigata zai tsinke, ruwa ya taso sama, harshe ya ji. Wannan ya sa shi ne aka fi mayar wa mai shago, shi kuma ya fi gudun sa.

Ɓacewarsa tana da illar da ba a cika lura da ita ba, domin idan babu natir mai kyau a unguwa, masu haɗawa a gida sun rasa iri, sai su yi ta juya na jiya a kan na yau har ya gurɓace.

Me ya sa farashin leda bai cika motsi ba alhali komai ya yi tsada?

Saboda dala ashirin farashi ne da ya zauna a kan mutane, kuma ya dace da ƙwandalar da ke aljihu. Mai haɗawa ya san in ya ce dala ashirin da biyar, matsalar canji kaɗai ta isa ta kore masa ciniki. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rage girman ledar, ko a koma kan madarar gari mai man kwakwar manja, ko a ƙara ruwa a sa garin sitaci ya riƙe kaurin. Ba kowa ke yin haka ba, kuma rage girma a fili ba ha'inci ba ne matuƙar an rubuta a jiki. Ha'incin yana wurin wanda ya sauya abin da ke ciki ya yi shiru. Da azumi, lokacin da bukata ke ninkawa, kuma a shekarun 2022 zuwa 2025 ya faɗo kusa da bazara, ya kamata mai saye ya ƙara sa ido.

Ta yaya mai saye zai gane yawur ɗin da sanyinsa ya yanke a hanya?

Kwanan watan da ke jiki alkawari ne da aka yi bisa sharaɗin cewa kayan bai fita daga sanyi ba, don haka shi kaɗai bai isa shaida ba. A duba ledar ko murfin robar: in ya kumbura, iska ta taru a ciki, alamar yis ko wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba sun shiga aiki, sai a bar shi. In an buɗe aka ji yana tsatsafo a harshe kamar lemun kwalba, ko yana warin giya, ko yana yauƙi, ko an ga ɗigon fumfuna, a zubar. Ɗan ruwa-ruwa mai launin ɗorawa da ke tasowa sama shi kaɗai ba lalacewa ba ne, ana motsawa a sha. Ledar da ta daskare ta narke ta sake daskarewa takan yi gudaji-gudaji kamar dusa, kuma ko da daskarewar kanta ba ta da illa ga lafiya, tana nuna cewa na'urar mai shagon tana mutuwa tana tashi. Ruwa ba ya tsami banza. Ga ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi da marasa lafiya, duk wanda aka yi shakkarsa a haƙura da shi.

In wuta ta ɗauke a gida, awa nawa yawur zai jure?

Abin da masana kiwon lafiya suka saba faɗa shi ne firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa huɗu, kwanjilata cike kuma kusan kwana biyu. An yi wannan lissafi ne a ƙasashen da ba su san zafin Yamai na watan Afrilu ba, saboda haka a rage. Abin da ke taimakawa shi ne a daskarar da robobin ruwa lokacin da akwai wuta a jera su kusa da yawur ɗin, a daina ajiye shi a jikin ƙofa, kuma a sayi na wuni ɗaya ko biyu kawai. Tsaminsa yana ba shi kariyar da ɗanyar madara ba ta da ita, amma kariyar tana da iyaka.

Shin haɗawa a gida ya fi aminci?

Yana iya fi, in an kiyaye abu uku. A dafa madarar sosai, ko ta shanu ce ko ta gari da aka dama, har ta kusa tafasa, wato digiri 85 zuwa 90, a riƙe ta a haka na ƴan mintuna. Wannan ya fi muhimmanci ga ɗanyar madarar shanu, saboda tarin fuka na shanu da cutar bakkale suna iya bi ta cikinta su kama mutum, kuma a lokacin rikici ma'aikatan lafiyar dabbobi ba sa isa wurare da yawa. Sannan a bar ta ta huce har yatsa mai tsabta ya iya jure ɗuminta, a zuba iri kamar cokali biyu a kowace lita, a rufe a naɗe da zane. Na uku, a wanke mazubi da ruwan zafi, a kuma sabunta irin bayan juyi kaɗan. A zafinmu ba a bukatar wata na'urar ɗumamawa, matsalar ita ce tsayar da tsamin bayan ya kama, shi ya sa haɗa kaɗan da dare a shanye da safe ya fi dacewa da gidan da wutarsa ba ta da tabbas.

Me wasu ƙasashe suka yi da irin wannan hali ya same su?

Yaƙi ya daɗe yana tura mutane daga madara mai bukatar sanyi zuwa wadda ke jure ajiya. Madarar gwangwani mai kauri, wadda Gail Borden ya yi wa rajista a 1856, ta samu karɓuwa ne a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, lokacin da rundunar Arewa ta riƙa sayenta domin sojoji. A Yukren, tun da aka soma kai hare-hare kan tashoshin lantarki a watan Oktoba 2022, kamfanonin madara da shaguna suka koma kan janareta, kamar dai yadda muka gani a nan. A Rasha kuwa siyasa ce ta shiga tsakani, inda gwamnati ta karɓe ragamar reshen kamfanin madara na Faransa mai suna Danone a watan Yuli 2023, daga baya aka sayar da shi a 2024.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Katar. Da Saudiyya da ƙawayenta suka rufe mata iyaka a watan Yuni 2017, akasarin madara da yawur ɗin da take sha ta wannan iyaka suke shigowa. Kamfanin Baladna ya kwaso dubban shanu daga Turai da Amurka, na farko-farkon a jirgin sama, ya gina masu rumfuna masu sanyi a cikin hamada, cikin ƴan shekaru ƙasar ta wadatu da ɗanyar madara. Labarin yana da daɗin ji, amma kuɗin iskar gas ne ya yi aikin, kuma abincin shanun har yanzu daga waje yake zuwa. Mu shanun muna da su, abin da ya rage mana shi ne tazarar da ke tsakanin ruga da tankin sanyi.

To, hasken rana zai iya toshe wannan giɓi?

Zai iya toshe wani ɓangare, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta a zuba kuɗi. Tankin sanyaya madara ko kwanjilata mai aiki da faifan sola ba ya jiran layin Birnin Kebbi da ke kawo wa Yamai wuta daga Najeriya, ba ya jiran tankar gazuwal. Akwai irin da ke daskarar da ruwa da rana ya yi amfani da ƙanƙarar da dare, wanda ke rage dogaro da batir, kuma batir shi ne abin da zafi ya fi saurin kashewa a ƙasarmu. In cibiyar tarawa ta samu irin wannan, ana iya karɓar tatsar yamma, wadda a yanzu galibi ba ta zuwa kasuwa saboda ba za ta kai safe ba. Akwai kuma wata hanya da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta amince da ita tun 1991, ta ƙarfafa wani sinadarin kariya da ke cikin madarar tun asali mai suna laktoperoksidas, wadda ke ƙara wa ɗanyar madara awa bakwai zuwa takwas a zafin digiri 30, da sharaɗin ma'aikacin da aka horar ne zai yi a cibiya.

Iyakar abin ita ce su ma faifan da batiran ta tashar Lome da hanyar Tera suke shigowa, kuɗin sayensu ya fi ƙarfin ƙaramar ƙungiyar mata in babu bashi mai sauƙi, kuma dole a samu mai gyara a kusa da wanda zai riƙa share ƙurar hunturu daga kan faifan kowace safiya. Sola ba ta kuma ciyar da saniya da bazara. Cibiyoyin da suka fi riƙe makiyayansu su ne waɗanda ke sayar masu da dusa bashi su cire kuɗin daga madarar da suka kawo, domin hakan ne ke sa mutum ya bar shanun tatsa biyu ko uku kusa da gari lokacin da sauran garken ya tafi.